Ƙaramar Wayar Safinatu

Maniru ya iso Dandin Mahe a ƙafa, don babur ɗinsa ya bi jarin albasarsa da ya karye. Jummai, wadda ya bar Safinatu dominta, ta juya masa baya.

Safinatu ta same shi a zauren gidansu, ta ƙi zama.

"Ki yafe mini, mu daidaita," ya ce.

Ta dubi ƙaramar wayarta, wadda ya taɓa yi wa dariya gaban abokansa.

"Wagga waya tana riƙe caji, ga tocila, ko ta faɗi ba ta fashewa. Aibinta guda, Maniru, ba ta ɗaukar hoto. Da na ɗauki fuskarka yanzu, kullum in duba in ji sanyi."

Ta shige gida, ta bar shi tsaye.