Gorar Mahfuza Mai Jan Murfi

"Nawa kika sha?" Malam Barau ya daka wa matarsa tsawa.

"Kurɓa uku," in ji Lami.

Gorar da Lami ta kurɓa daga ciki ta 'yarsu Mahfuza ce, mai binciken batir a jami'a. Da za ta koma, ta ce ruwan batir ne na gwaji, kada a taɓa. Shekara talatin Barau yana gyaran batir a kasuwar Batsari. Ya san abin da ruwan nan ya yi wa yatsunsa, balle hanji.

Ya ɗora Lami a babur, ya nufi asibiti, waya a kunne yana kiran Mahfuza.

"Ke! Gubarki uwarki ta sha!"

"Wace gora, Baba?"

"Mai jan murfi!"

"Tsaya, Baba. Jiƙon tsamiyar bayan gidanmu ne, ban zuba masa komai ba tukuna. Ruwan batir da ba ya cin hannu nake nema. Saboda hannunka na fara."

Barau ya taka birki. Ya dubi yatsunsa.

Lami ta taɓa kafaɗarsa. "Malam, tun a tsakar gida nake son in ce sukari kawai ya rage, ka hana ni magana."