Abin da Ya Kwanta a Gindin Kwalba

Ga misali ga duk mai miƙa wa uwa maganin ɗanta, da ita mai karɓa.

A wani tsibiri na masunta, inda kogi ya yi faɗi har ya manta da gaɓarsa, an yi wata mata da aka sani da ruwan randarta. Ruwan kogin ja ne, amma ita idan ta ɗebo sai ta ajiye tulu a inuwa, ta hana kowa taɓa shi har laka ta gaji ta sauka. Sannan ta tsiyaye na sama a hankali kamar mai gudun tada jariri, ta zubar da na gindi bayan danga. A randarta mutum kan ga fuskarsa, da gajimaren da ke wucewa ta bayan kansa. Haka ta koya wurin uwarta: abin kirki sama yake tsayawa, abin banza ƙasa yake kwanciya, kuma mace mai hankali ba ta girgiza tulu.

Wata damina zazzaɓi ya kama ƙaramar ɗiyarta, wadda ba ta daɗe da fara haɗa magana ba. Yarinyar ta dinga jan kunne, mugunyar da ke fita daga ciki na ɓata zanen goyo. Abin da ya fi tsorata uwar shi ne ranar da ta kira ta daga bakin murhu ba ta waiwayo ba, tana zaune tana kallon furen bado kamar muryar daga ƙarƙashin ruwa take zuwa mata. Ta goya ta, ta shiga kwale-kwale, suka ratsa kainuwa zuwa ƙaramin asibitin da ke ƙetare. Malamar asibitin ta leƙa kunnen, ta ɗora yarinyar a sikeli, ta ɗauko kwalba mai farin gari, ta zuba tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin da ke jikinta, ta girgiza. Ta ce magani biyu ne a ciki: ɗaya yana yaƙar ƙwayoyin cutar, ɗayan yana tare masa don kada su karya shi. Ta nuna mata iyakar ma'auni a ɗan kofin da ya zo da kwalbar, ta ce safe da yamma tare da abinci, a ajiye a wuri mai sanyi, kada a daina don an ga sauƙi. Wataƙila ta ce a riƙa girgizawa. Layi ya yi tsawo, yara na kuka, maganar ta bi iska.

Matar ta riƙe duk abin da ta ji. Ta tona jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa ta kafa kwalbar a ciki. Da gari ya waye ta ɗaga ta a hasken ƙofa, sai ta tarar ta yi abin da komai ke yi a gidanta: fari ya sauka ya kwanta, sama ya yi garau. Ranta ya yi sanyi. Ta karkata kwalbar da hannun nan nata da ba ya rawa, ta auna na sama daidai layi, ta ba ɗiyarta bayan lomar farko. Ba ta taɓa tsallake lokaci ba, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Zazzaɓin kuwa sai ya tafi kamar hazon safiya a kan kogi, ya dawo da la'asar. Ana daka a tsakar gida, masunta na kiran juna daga ruwa, yarinyar tana zaune a tsakiyar duk wannan kamar mai mafarki ido buɗe.

Da abin ya ƙi, ta sake haye kogin da kwalbar ƙulle a haɓar zane. Malamar ta ɗaga ta wajen taga, ta ga farin abu ya daskare a gindi kamar ƙullu.

"Baiwar Allah, ai ga maganin nan duk bai bar gida ba. Me kika riƙa ba ta?"

"Na sama, Malama. Mai kyan."

Dariya ta taso wa malamar, ta dubi fuskar matar, ta haɗiye ta. Ta ajiye tsohuwar kwalbar gefe, don kwanakinta sun wuce, abin da ya rage kuma ya fi ƙarfin yaro. Ta haɗa sabuwa, ta damƙa mata a hannu. "Girgiza in gani." Hannun ya ƙi. Hannu ne da tun yana ƙarami aka hore shi da kada ya motsa ruwa. "Ƙara dai, ba ƙwai ba ne." Matar ta runtse ido ta girgiza, har sama da ƙasa suka zama abu guda.

Haka ta yi safe da yamma har maganin ya kai ranar da aka ɗibar masa, kullum tana jin kamar tana ɓata abin da ta gyara. Mugunya ta ƙafe, jiki ya huce. Wata safiya ta kira sunan yarinyar daga bakin murhu, yarinyar ta waiwayo da dariya. Ta kunnen dama ke nan ta ji. Ta hagu kuwa, har ta girma sai an kira ta sau biyu.

Matar nan ba ta yi sakaci ba, ba ta yi rowar ƙauna ba. Maganin yana gindin randarta tun ranar farko, tana ɗaga shi da hannunta safe da yamma. Shi ya sa Hausawa suka ce: rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.