Carbin Kakar Hajiya Rahama

Ɗana Hatim, mai shagon gilashi a unguwar Sharafiyya, shi ya fara gaya mini, kuma da ƙyar ya kai ƙarshe saboda dariya. Amma bari in faro daga gashin jikata Zakiya, don daga nan rigimar ta tashi.

Zakiya tana jami'a. Suka yi karatu a kan Amurkawan shekara ɗari da suka wuce, lokacin da wani kiɗa wai shi jaz ya shiga musu kai. Ta ce bayan yaƙin duniya na farko matansu suka gaji da zaman ɗaka. Suka datse gashi, suka ɗage riga zuwa gwiwa, suka kama tuƙin mota da rawa, iyaye na ta kururuwa. Karatun ya yi wa yarinya daɗi har ta je ta datse nata gashin daidai kunne.

Na yi mata faɗa. Amma ni kaka ce, faɗana ba ya wuce la'asar.

Matsalar ita ce Hajiya Rahama, uwar Mazen, saurayin da zai auri Zakiya. Ta ga kan yarinyar a wani bikin mata, ta tafa hannu.

"Halas, an gama! Ɗana ba zai auri kan namiji ba. Mu jinin Inna Madina ne."

Duk wanda ya zauna Karantina, tsohuwar unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Makka, ya san Inna Madina, kakar Rahama, wadda aka ce da ƙafa ta tako daga Katsina zuwa Makka. Cikinmu ba wanda ya riske ta. Hotonta kawai ya rage, wanda aka tsinta a akwatin mahaifin Rahama, ɗan dako a tashar jirgin ruwa, bayan rasuwarsa. Baƙa ce kyakkyawa, iya ƙirji ake gani. Hula ta rufe kai ruf har gira, ga carbi mai dubu a wuya, ido a lumshe, baki a ɗan buɗe tana zikiri. Duk yarinyar da ta yi rawar kai a unguwa, gaban hoton nan Rahama ke tsayar da ita.

Zakiya ta daina cin abinci. Mazen ya rame, ba ya iya ja da uwarsa. Na je ban haƙuri, ko gahawa ba a ba ni ba.

To, tun ƙaurar da mu 'yan unguwa muka yi daga Karantina gilashin hoton ya tsage. Fushi bai hana Rahama neman arha ba, ta aika da shi shagon Hatim, da gargaɗin ya yi alwala kafin ya taɓa. Ya yi alwalarsa. Ya cire ƙusoshin baya, sai ya ga takardar a ninke take biyu.

Washegari da safe na saka abaya, na karɓi hoton wurin Hatim, na ce, "Zakiya, yalla, mu je gidan Rahama."

Rahama ta dube mu sama da ƙasa. "Kin kawo ta ta ga mutanen kirki?"

"Na'am, Hajiya. Ta zo gaida Inna."

Na zauna ba a ce in zauna ba, na warware takardar a kan cinyar Rahama. Ga Inna Madina cikin riga iya gwiwa, carbin nan ashe sarƙar ado ce, ƙafa ɗaya a sama, taba a hannu, wani ƙato na busa ƙahon tagulla a bayanta, a ƙasa kuma rubutun da Zakiya ta karanta mana a nutse: tallar gidan rawa ne a birnin Shikago na Amurka.