Wa Delphine Za Ta Aura?

Marlys ta lalubi kofin ruwan da ke gefen gadonta da niyyar jifan mijinta, amma hannun ya ƙi ɗagawa. Sai ta jefe shi da baki.

"Arvid, wannan mashayin jinin ba shi aka soke a ƙirji makon jiya ba?"

Arvid ya gyara murya, ya ce ai irinsu ba sa mutuwa da sauƙi, ta dai yi haƙuri ta saurara.

Littafin nata ne. A gwanjon coci ta saye shi da bazara, don kawai hoton bangon ya ba ta dariya: wata yarinya Delphine tsaye tsakanin masoya biyu, Aurelio mai shan jinin mutane, da Boone da ke rikiɗa ya zama kyarkeci duk lokacin da wata ya cika. Ta kai rabi da kanta kafin ƙarin da ke cikin kanta ya cinye mata gani. Ranar da likita ya sallame ta, ya ce a kira 'ya'ya su zo kafin ganye ya gama zuba, tun a mota ta miƙa wa Arvid littafin. Ta ce shirme ne tsantsa, amma babu inda za ta sai ta ji wanda wawiyar yarinyar nan ta zaɓa.

Arvid ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injin jiragen ruwa a garin Duluth, ban da jarida bai taɓa zama ya karanta komai ba. Duk da haka kullum bayan abincin rana yakan ja kujera kusa da ita ya fara.

Da kaka labarin ya yi kamar zai ƙare. Delphine ta sa rigar aure ta nufi bakin tafki, ba a faɗi ango ba. Washegari sai ga 'yan'uwan Aurelio sun sace ta a hanya. Marlys ta yi tsaki har sai da ta ƙware.

Ganye ya zube. Tafki ya daskare. 'Ya'ya suka zo, suka yi kukansu, suka koma bakin aiki. Delphine ba ta zaɓa ba.

Daga nan littafin ya lalace gaba ɗaya. An ceto yarinyar, an sake sace ta. Boone, kyarkecin da ake tsoro, ya koma kamun kifi a kan ƙanƙara, ya ɓata yini guda yana gyaran injin kwale-kwale. Aurelio mai shekara ɗari huɗu ya fara ƙorafin ciwon gwiwa. Wata ƙanwar Delphine da aka binne tun farko ta shigo ɗaki da kwanon dankali, ba wanda ya tambaye ta daga ina. Marlys ta ce marubuciyar nan ko mashayiya ce, ko kuma ba ta da tsoron Allah. Karatun Arvid ma ya ƙara nawa. Yakan tsaya tsakiyar magana ya daɗe, ya ce tabaransa ne ya yi hazo.

Ita kuwa jikinta ya gaji. Zafin ya kai inda ko bargo ya taɓa ta sai ta ciji leɓe. Pakou, nas ɗin da ke zuwa duba ta, ta ce lokaci ya yi da za a ƙara maganin kashe zafi. Marlys ta ƙi, domin ta san in aka ƙara, barci zai ɗauke ta, kuma ba lalle ta farka ba.

Ta roƙi Arvid ya tsallake zuwa ƙarshe. Ya ce ba a yi wa littafi haka. Ta zage shi, ta kira shi tsohon jaki mai taurin kai, ya ce ya ji. Ran nan ta kama hannun rigarsa tana kuka.

"Tsoho, na gaji. Ka ji tausayina. Saura nawa?"

Ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Da saura, Marlys," in ji shi. "Da saura sosai."

Da hantsin wata Talata ya fita karɓo magani. Marlys ta kasa kunne har ƙarar motarsa ta ɓace, sannan ta kira Pakou. Numfashinta ya riga ya fara yankewa. Ta ce littafin yana ƙarƙashin matashin kujerarsa, a nan yake ɓoye shi kamar kuɗin fansho. Pakou ta yi jinkiri, ta ce Baba Arvid ya hana kowa taɓawa.

"'Yar nan, ba zan kai jibi ba, kin fi ni sani. Buɗe inda ya tsaya ki faɗa min yawan abin da ya rage."

Ta ji an ɗaga matashi. Ta ji an buɗe takarda, an juya gaba, an dawo baya, an sake juyawa.

Pakou ta tambaye ta a hankali, ko ta tuna inda yarinyar ta sa rigar aure ta nufi bakin tafki. Marlys ta ce yaya za ta manta, ai tun kaka aka wuce wurin, kafin a sace ta.

A waje taya ta taka ƙanƙara, motar Arvid ta tsaya a ƙofar gida. Pakou ta zauna bakin gado, ta riƙe hannun tsohuwar.

"Ba wanda ya sace ta, Mama. A nan ya naɗe takardar, kuma shafi ɗaya tak ya rage. Duk abin da kika ji tun daga ranar, babu shi a cikin littafin nan."