Allura Ta Biyu

Zauna, Tanimu, ɗora ƙafar nan a kan kujera, ka daina ce mini ba komai. Shekara talatin ina ɗori a garin nan, na san idon sawun da ba komai, naka ba shi ba ne. Ya kumbura ya yi suntum, kai kuma ka zo wai in ɗaure maka shi tamau, ka haɗiyi ƙwaya, ka buga wasan ranar Asabar don shugaban kulob ɗinku ya ce ba su da kamarka. Kafin in taɓa ka, bari in ba ka wani misali, in ka ga dama ka ji.

A ƙasar Yukiren an yi wani ɗan ƙwallo, mai tsaron baya, a ƙungiyar wani ƙaramin gari. Shekara goma sha huɗu yana sa riga mai lamba huɗu, har ya zama kyaftin. Sau biyu manyan ƙungiyoyi suka neme shi, ya ce shi ba ya barin gida. Da yaƙi ya zo, baƙin 'yan wasa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, shi ya tsaya. Ana nan gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo. Ƙungiyar tana da wani tsoho mai yi wa 'yan wasa tausa, ya lalluba gwiwar ya ce jijiya ta kusa tsinkewa, amma in ya huta wata uku za ta kama. To, saura wasa ɗaya kakar ta ƙare, in aka ci su kuwa sun faɗa rukunin ƙasa. Sai mai ƙungiyar, wani ƙaton attajiri da bai taɓa gudun taku goma ba a rayuwarsa, ya zo ya dafa kafaɗar kyaftin, ya kira shi zaki, ya ce gari duka shi yake kallo. Irin mutanen nan ni haushinsu nake ji, da bakinsu kaɗai suke jarumta, jikin wani ne ke biya. Aka yi wa kyaftin allurar kashe zafi wadda za ta riƙe shi daidai tsawon wasa, ya shiga fili yana gudu kamar ba shi ba. Amma a can, a zamanin yaƙin, in jiniya ta yi kuka tana gargaɗin hari ta sama, alƙalin wasa yakan hura usur, kowa ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa har sai an ce lafiya. An dawo daga hutun rabin lokaci da minti goma, suna gaba da ci ɗaya, sai ga jiniya. Awa biyu suka yi zaune a kan dakalin siminti mai sanyi. Jiki ya huce, allura ta sake shi, gwiwa ta faɗa masa gaskiya, don ko miƙewa bai iya ba sai da ya dafa bango. Tsoho ya durƙusa ya taɓa wurin, ya ɗago ya ce, "Cire takalmin nan, ɗana, ka yi iyakar naka." Nan ne abin yake ƙona mini rai, Tanimu. Allah ya ba mutumin nan awa biyu cur ya saurari jikinsa, gatan da ba kowa yake samu ba. Amma da attajiri ya sauko da likita a bayansa, ya sake kiran shi zaki a gaban sauran 'yan wasa, kyaftin da kansa ya naɗe wando ya miƙa ƙafa aka yi masa allura ta biyu.

Minti goma sha biyu da komawarsu fili ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, ya dira a kan ƙafar hagu, waɗanda ke benci suka ji ƙarar tsinkewar jijiyar. Shi bai ji komai ba, ai an kashe zafin. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Ƙungiya ta ci wasanta, ta tsira, ana ta rungumar juna a fili, shi kuma motar asibiti ta fita da shi ta ƙofar baya. Sau uku aka yi masa tiyata, ba ta kama ba. Attajiri ya aiko da furanni da takardar godiya, bai taka asibitin ba ko sau ɗaya, kuma kafin sabuwar kaka ta fara an ba wani riga mai lamba huɗu. Yanzu kyaftin yana zaune a bene hawa na huɗu. In jiniya ta yi kuka, matarsa ce ke tallabe shi, suna saukowa taku ɗaya ɗaya, tsofaffin mata masu sanda suna ce musu gafara su wuce.

To, kai ma ga naka attajirin, ya kira ka namijin duniya ka taho kana washe baki. Je ka duba ƙafarsa, lafiyarta ƙalau, kuma ranar Lahadi ma haka za ta wayi gari. Miƙo taka in ɗaure, sati shida ba kai ba fili. In kuwa ka fita daga nan ka je ka nemi ƙwaya, kada ka dawo mini a kan kafaɗar mutane kana kirana Baba. Hausawa sun riga sun gama magana, wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.