Darar Maga

Rubuta yadda na faɗa, ko na yi kuka kada ka tsaya.

Ina 'yar shekara bakwai Baffa, wan mahaifina, ya zo Garwa daga Maga. Shekara biyar ba sa magana da Baba. Bayan la'asar Baba ya haƙa gurabun dara a ƙofar gida, hannunsa na ƙanshin kitse, don mahauci ne. Suka zauna, ba mai kallon wani.

Can Baffa ya jera uku, ya ɗauke tsinke daga cikin ukun da Baba ya riga ya jera. A Garwa ba a taɓa jerarren uku. Na ce, "Baffa, wannan ai cuta ce!"

Ya miƙe yana neman takalminsa. "Mu a Maga haka muke yi."

Baba ya riƙe masa gefen riga. "Zauna, Yaya. Ke uwata, yi shiru, yau darar Maga muke yi."

Baffa ya yi mako a gidanmu.

Maigidana ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Shekara hamsin muna gardama, kullum shi ke bar mini yadda Baba ya bar wa Baffa, ban taɓa gaya masa na gane ba.