Littattafan Aji Uku

Malam Ashafa ya sake maimaita tambayar, a hankali: "Nana, mangwaro goma sha biyu, a raba wa yara uku. Nawa kowa zai samu?"

Yarinya sai murza bakin hijabi take tana satar kallon uwarta Turai. Uwar kuwa tana raɓe a bakin ƙofa. Ita dai ba ta taɓa cin karo da lissafin rabawa a littafin da take koyar da su ba.

Bari in ɗan koma baya ku gane. Shekara biyu Nana na zuwa makarantar unguwarsu a nan Dutsin-Ma, yara sun kai casa'in a ɗaki guda, amma ko sunanta ba ta iya rubutawa. Turai ta ce ita fa ta gaji, a gida za ta koyar da 'ya'yanta. Ita ɗin ma ba wani boko ta yi ba, a ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu bayan aure. Amma wallahi akwai naci.

Labari na isa Kurfi sai ga Gwaggo Larai. Yayar Lawal ce, mijin Turai, ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba.

"Ke da ɗiyar fari, ko kunya ba ki ji? Kin kafa ta gaba kamar madubi. A ba ni ita in riƙe, ga makaranta mai kyau bayan gidana."

Lawal ne ya shiga tsakani. "Yaya, a ba ta shekara ɗaya. Sai a kira tsohon hedimasta, Malam Ashafa, ya gwada Nana da karatun aji uku. In ta ci ta zauna. In ta faɗi ki tafi da ita."

Ranar Turai ji ta yi babu mai miji irin nata. Har kifin dam ɗin Zobe ta soya mashi.

To sai zaɓen littattafai. Wannan ya ce na makarantun kuɗi, wancan ya ce a sauke na waya. Kanta ya ɗaure, ta kira ƙawarta Khadijat, malamar firamare a Katsina. Khadijat ta zo takanas, ta zauna ta rubuta sunayen littattafai biyar a takarda, ta miƙa wa Lawal. Ya je ya sayo. Kafin ya shigo da su ma sai da ya naɗe bangon kowanne da takardar siminti, ya manne da gam, wai kada yara su yaga.

Wata goma fa! Kullum da hantsi an shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, ga katako an shafe shi da baƙin fenti, ga alli. In Turai ta ci karo da kalmar Turanci sai ta sa waya ta faɗa mata, ta maimaita har sai ta zauna. Da tumatirin da Lawal ke kawowa daga fadama suke ƙidaya. Har ƙaramar, Batula, 'yar shekara biyar, kafaɗa da kafaɗa take tafiya da yayarta. Turai na ta faɗa wa maƙwabta Allah Ya ba ta 'yar baiwa. Da ta gaya wa Khadijat a waya sun gama littafin lissafi cikin wata uku, sai ta ce, "Tun yanzu? Kai, su Nana akwai kai!" Suka yi ta dariya.

Shi ne yau ga Nana ta kasa raba mangwaro.

Malam Ashafa ya ce a kawo mashi littattafan. Ya buɗa wannan, ya buɗa wancan, ya cire tabarau.

"Malama Turai, kin koyar da su da kyau, babu ƙarya. Amma waɗannan na 'yan aji ɗaya ne."

Lawal ya dafe kai yana salati. "Ni dai takardar Khadijat na miƙa wa mai shago."

Bayan la'asar Gwaggo ta sa Nana a gaba sai tasha. Yarinya na kuka tana waige, Turai ta kasa ko ɗaga hannu. Tana komawa ɗaki ta ɗauki waya ta zazzage wa Khadijat duk abin da ke cikinta, ta ce ashe dama baƙin ciki take mata. Khadijat na ta rantsuwa, ita kuwa ta kashe, ta toshe lambar. Lawal ne ke ta rarrashi: "Ki yi haƙuri, Kurfi ai ba nisa."

Sati biyu abinci ba ya shiga. Abin da ya fi cin ranta, kada a je ana yi wa Nana dariya a aji. Rannan da ta fita barkar haihuwa sai ta ratsa shagon Alhaji Ilu mai littattafai, ta ce a ba ta na aji uku, na gaske, za ta aika wa ɗiyarta Kurfi.

Alhaji ya leƙo ta saman tebur. "Ba iyalin Lawal na fadama ba ce? Kuma? Waɗanda aka kai mata sun ɓata ne?"

"Waɗanne, Alhaji?"

"Ah ah, ai saiti biyu maigidanki ya saya ranar, tun bara. Na aji ɗaya ya tafi da su gida. Na aji ukun da ke cikin takardar malamar kuwa, ni da hannuna na ba direban Kurfi ya kai gidan yayarshi. Cewa ya yi a ajiye, ɗiyarshi can za ta koma."

To ku da kuke karantawa, in ku ne Turai, Lawal ya yi sallama da marece yana tambayar ina tuwo, mi za ku ce mashi?